Yadda ake gano yoyon tankin gidan mai, da abin da ake yi idan man ya riga ya kai rijiya

Wannan bayanin na yi shi ne saboda sababbin manajojin gidan mai da kuma maƙwabtan da suka fara jin ruwan rijiyarsu ko bohol ɗinsu yana warin fetur. Aikin da na saba yi ne, kuma abin da kullum nake tararwa shi ne tankin ya daɗe yana zubarwa a ƙarƙashin ƙasa, littafin lissafi ya daɗe yana nuna giɓi, amma kowa ya ɗauka yara ne ke sata ko direban tanka ne ya kawo lodi bai cika ba. Kafin warin ya fito a rijiya an yi watanni, wani lokacin shekaru.

Abu biyu kawai nake so ka riƙe game da yadda abin ke tafiya. Na farko, fetur da gas da kananzir duk sun fi ruwa rashin nauyi, don haka idan sun zurara sai su ratsa ƙasa har su iske ruwan ƙarƙashi su kwanta a samansa, su riƙa bin inda ruwan ya nufa. Na biyu, akwai ɓangaren man da ke narkewa cikin ruwan, ba ka ganinsa da ido, kuma shi ne mugun. A cikinsa akwai sinadarin benzin mai jawo kansar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikirogiram 10 a lita ɗaya ta ruwan sha. Yi lissafin da kanka, idan fetur na ɗauke da benzin kashi 1 cikin 100, lita ɗaya tak ta isa ta ɓata ruwa kusan lita 900,000.

Kayan aiki

Sandar awo ta tankin, wadda ake yin difin da ita, wato auna zurfin man da ke ciki, tare da takardar awon wannan tankin mai nuna lita nawa ne kowane zurfi. Kowane tanki da tasa takardar, kada ka ara ta wani. Man shafawa mai gano ruwa a gindin tanki, irin su Kolor Kut, wanda ke komawa ja idan ya taɓa ruwa. Littafin shige da ficen mai na aƙalla wata uku. Gwangwanin awo na lita 20 wanda aka tabbatar da daidaitonsa. Kwalaben gilashi masu tsabta da murfi mai kamawa sosai, kula da ƙanƙara, igiya sabuwa, tef ɗin awo, takarda da biro. Tocila irin wadda aka ƙera don wurin mai, da abin kashe gobara na hoda a kusa da kai. Idan akwai na'urar auna tururin mai a iska to madalla, idan babu za ka iya yin mafi yawan aikin nan ba tare da ita ba, sai dai ba za ka shiga kowane rami ba, ko na rijiya ko na bakin tanki.

1. Fara da kare rayuka

Duk gidan da ruwansa ke wari a daina sha, a daina girki, a daina wanka da shi a rufaffen banɗaki, a ba dabbobi wani ruwan. Mutane na cewa ai za mu tafasa. Tafasawa maganin ƙwayoyin cuta ce, a nan tururin man kawai za ta tayar a cikin kicin, mai girki ta shaƙa, ga kuma wuta a gefe. Alam ma ba ya cire shi.

A kashe sumon bohol ɗin daga can wajen suwic. A buɗe bakin rijiyar ta sha iska, a kange yara. Sannan don Allah ka ja kunnen masu yasar rijiya, sun saba zura fitila ko kyandir a igiya don su ga ko akwai iska a ƙasa, to a rijiyar da fetur ya shiga wannan dabarar kisa ce. Tururin fetur ya ninka iska nauyi sau 3 zuwa 4, yana taruwa a ƙasan rami, kuma da ya kai kashi 1.4 cikin 100 na iskar wurin tartsatsi ɗaya ya isa. Ka bi kwatoci da sokawe da shaddar maƙwabta ka sunsuna daga sama. A garin Gwadalahara na ƙasar Meziko, ranar 22 ga Afrilu 1992, fetur ɗin da ya zurara daga bututu ya cika magudanan ruwa na ƙarƙashin titi, ya fashe ya kashe mutum sama da 200, alhali mutanen unguwar sun yi kwanaki suna kukan wari.

2. Duba rijiyar

Ɗaura kwalbar gilashi a igiya, ka sa mata ɗan nauyi, ka sauke a hankali ta ɗebo saman ruwan kawai, kada ta nutse can ƙasa. Ajiye ta a inuwa minti goma. Idan man ya yi yawa za ka gan shi ya ware a sama, ruwan a ƙasa, sai ka auna kaurinsa da tef ka rubuta. Idan kaɗan ne ƙyalli kawai za ka gani mai launi-launi.

Nan mutane ke ruɗewa, domin ruwa mai ƙarfe a ciki ma yana yin irin wannan ƙyallin, musamman a rijiyoyin fadama. Sa tsinke ka tsokane shi. Idan ya farfashe gutsi-gutsi ya tsaya a haka, na ƙarfe ne. Idan ya murɗa ya koma ya haɗe, mai ne. Kuma kada rashin wari ya yaudare ka, hanci ba ya kama benzin sai ya wuce ƙa'idar sha nesa ba kusa ba.

3. Zana unguwar

Ɗauki takarda ka sa gidan man a tsakiya, ka zana duk rijiya da bohol da ke kewaye, ni nakan bi har mita 200 ko 300. Kowacce ka rubuta zurfinta, nisan ruwa daga baki, akwai wari ko babu, kuma yaushe aka fara ji. Tsofaffin matan gida sun fi kowa sanin ranar da ɗanɗanon ruwa ya canja, su za ka tambaya. Ka je da izinin mai unguwa, aikin zai fi maka sauƙi.

Yawanci ruwan ƙarƙashi gangaren ƙasa yake bi, ya nufi rafi ko kududdufi, amma bohol ɗin da ake ja da ƙarfi, kamar na masu fiya wata ko wankin mota, yana iya janyo man ya karkato wajensa ko da ba ta nan gangaren yake ba. A wurare irin su Kano da Zariya inda dutse ke ƙasa, man kan bi tsagar dutse ya tsallake gida biyu ya ɓulla a na uku. Sannan warin ya fi tashi da damina, ruwa ya taso ya ɗago man da ya maƙale a ƙasa, da rani kuma ya lafa mutane su ce ai ya wuce. Bai wuce ba.

Kafin ka ɗora wa gidan mai laifi ka duba sauran wurare: tankin gas na janareton otal ko asibiti ko eriyar waya, garejin kanikawa, tsohon gidan man da aka rufe aka bar tankunan a binne, da 'yan bumburutun da ke binne duro. Idan rijiya warin gas take alhali fetur kaɗai gidan man yake sayarwa, to nemi wani wajen.

4. Zauna da littafi

Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kowane tanki daban, kowace rana daban: awon safe, a tara da abin da tanka ta sauke, a cire abin da mitar famfo ta nuna an sayar. Abin da ya rage shi ya kamata sanda ta nuna washegari. Bambancin ka rubuta shi, ko ƙari ko ragi, ka riƙa tarawa har kwana 30.

Tanki mai lafiya yau ya nuna ragin lita 40, gobe ƙarin 30, jibi ragin 15, yana yawo a kusa da sifili. Mai yoyo kuwa kusan kullum ragi ne, jimlar sai gangarawa take ba ta dawowa. A Amurka ƙa'idar hukumar muhallinsu ita ce idan giɓin wata ya wuce kashi 1 cikin 100 na abin da aka sayar da ƙarin galan 130, wato wajen lita 490, wata biyu a jere, to a ɗauka akwai yoyo. Ni a ganina wannan ma'aunin ya yi sassauci ga unguwar da mutane ke shan rijiya mai gaba biyar ko shida a bayan katangar gidan mai. Wanda ke sayar da lita 200,000 a wata sai ya yi asarar kusan 2,500 kafin ya motsa? Idan ka ga ragi na bin ragi sati biyu, fara bincike.

Abubuwa uku ke ɓata lissafin nan. Zafi: fetur na kumbura ko ya tsuke da kusan lita 1 a kowace 1,000 idan zafinsa ya canja da digiri ɗaya, to lodin lita 33,000 da ya sha rana a hanya ya shiga tanki mai sanyi zai iya raguwa da lita 150 ko fiye ba tare da ɗigo ya zuba ba. Sai lodin da bai cika ba, shi ya sa ake difin kafin sauke mai da bayan saukewa. Sai mita. Zuba lita 20 a gwangwanin awo daga kowane bakin famfo ka gani. Ga wata magana da masu gidan mai ba sa son ji, famfon da aka taɓa don ya riƙa rage wa mai saye yana haifar da rarar ƙarya a littafi, wannan rarar sai ta rufe giɓin yoyo, mai gida na murna yana cin riba alhali mansa na tafiya rijiyar maƙwabci. Sai an gyara mita lissafi zai faɗi gaskiya.

Idan babu littafi kwata-kwata, fara yau. Kafin wata ya cika ka ci gaba da sauran matakan.

5. Kwantar da tankin ka auna

A cika tankin ya kai inda aka saba cika shi, don wani ramin a sama yake, ba ya zuba sai mai ya kai wurin. A bar shi ya kwana zafinsa ya daidaita. A rufe famfunan da ke jansa, a sa kwaɗo a bakin tankin, makullin na hannunka. Yi difin sau biyu ka ɗauki tsakaici, ka bari awa 36 ko fiye ba shiga ba fita, ka sake yi sau biyu, da sanda ɗaya, mutum ɗaya.

Sauke sandar a hankali har ta taɓa ƙasa. Yaran da ke sakinta ta faɗa da ƙarfi kullum safe da yamma su ne ke huda tanki a daidai ƙasan bakin awo, na sha ganin ramin a wannan gurbin idan an tono tanki, ɗan ƙarami kamar ƙwayar gero, kewayensa ya lotsa ya yi tsatsa.

Ka san iyakar wannan gwajin. A tanki mai lita 45,000 idan mai na wajen tsakiya, santimita ɗaya a sanda kusan lita 200 ce. Yoyon da bai kai rabin lita a awa ba sanda ba za ta gan shi a kwana biyu ba, amma a shekara zai iya haura lita 3,000. Saboda haka idan sanda ta nuna ragi, akwai yoyo babba. Idan ba ta nuna ba, ba ta wanke tankin ba, sai an kira masu gwajin matsi da na'ura. Kuma kada ka yarda wani ya kawo kwamfaresa ya hura iska cikin tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, iska da tururin mai a matse bam ne. Masu aikin na gaskiya iskar naitirojin suke sawa ko su yi gwajin zuƙe iska.

6. Nemi ruwa a gindin tanki

Shafa man gano ruwa a ƙasan sanda kamar tsawon ɗan yatsa biyu, ka sauke, ka ƙirga sakan 10 zuwa 30, ka ɗago. Inda ya yi ja nan ruwa ya kai. Ɗan kaɗan ba abin tashin hankali ba ne. Amma idan ka zuƙe shi ya dawo, musamman da damina, kuma murfin bakin tanki lafiya lau yake, to ramin da ke shigo da ruwa da damina shi ke fitar da mai da rani. Ruwan da aka bari a gindin tanki kuma shi ke cin ƙarfen ta ciki.

7. Bi bututu da gindin famfo

Sau da yawa tankin lafiyarsa ƙalau, mahaɗar bututu ce. Kashe wuta, buɗe murfin ƙasan kowane famfo ka duba yashin wurin, idan ya jiƙe ko ya yi baƙi ka samu bakin zaren. Duba bakin da tanka ke sauke mai, abin da ke zuba duk ranar sauke lodi idan ba siminti a wurin ƙasa yake shiga. Duba kwaltar ko intalok ɗin da ke kan layin bututu, ko ya lotsa ko ya yi laushi.

Famfon da ke zuƙo mai da kansa yana da alama mai kyau: da safe sai ya yi ta tari yana fitar da iska kafin mai ya zo. Ko bawul ɗin riƙe mai ya lalace, ko layin ya huje. Wanda injinsa ke cikin tanki yana turo mai ya fi haɗari, domin layin a matse yake, ƙaramin rami sai ya yi ta feshi a ƙarƙashin ƙasa duk lokacin da ake sayarwa. Alamarsa a littafi ita ce giɓin na ƙaruwa ranar da aka yi ciniki da yawa, ya ragu ranar da ba a yi ba. Na tanki kuwa ba ruwansa da ciniki.

Idan kana son duba ƙasar, haƙa da hannu a gefen ramin tanki, ba da injin ba, ka san inda bututu da wayar wuta suka bi. Zuba ƙasar rabin kwalba, ƙara ruwa mai tsabta, girgiza, ajiye. Mai zai taso.

8. Ɗauki ruwa zuwa ɗakin gwaji

Kira ɗakin gwajin tukuna ka tambaye su ko suna auna benzin da danginsa da jimlar man fetur a ruwa, don da yawansu ƙwayoyin cuta da gishiri kawai suke dubawa, su ba ka takarda cewa ruwa lafiya lau. Jami'o'i da manyan ɗakunan gwaji masu zaman kansu za ka nema. Idan sun ba ka ƙananan kwalabensu na mililita 40, su ne daidai. Idan babu, gilashi dai, ban da roba. Cika har ya yi tozo, rufe, juya kwalbar ka ƙwanƙwasa, idan ka ga kumfar iska ko ɗaya sake ɗiba, don benzin ɗin cikin kumfar zai gudu. Rubuta wuri da rana da lokaci, sa a ƙanƙara, ya isa cikin kwana biyu ko uku, kada ya wuce sati. Haɗa da rijiya ɗaya mai nisa ta saman gangare don kwatantawa. A ɗiba a gaban wakilin gidan mai da na unguwa, kowa ya sa hannu, wannan na kashe gardama daga baya.

9. Kai rahoto a rubuce

A Najeriya hukumar NMDPRA ce ke ba gidajen mai lasisi tun bayan dokar man fetur ta 2021 da ta rushe tsohuwar hukumar DPR. NOSDRA kuma, wadda aka kafa a 2006, ita ke kula da malalar mai, kuma dokarta ta ce wanda mansa ya zuba ya sanar cikin awa 24. A kai kwafi ma'aikatar muhalli ta jiha, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Mai gidan mai da ya kai kansa ya fi wanda aka kai ƙara samun sauƙi. Maƙwabta kuma kada ku karɓi kuɗin a yi shiru, jinkiri ne ke mayar da abin gagarumi. Unguwar Baruwa a Legas tun shekarun 1990 man bututu ya shiga rijiyoyinsu, aka kwashe shekaru da dama ana fama. A Ogale ta ƙasar Ogoni rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu benzin a rijiyoyin sha ya ninka ƙa'ida sau 900, ga tataccen mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙarƙashi.

10. Tsayar da zubar, sannan a fara kwasa

A kwashe man tankin da ake zargi a ranar, a mayar wani tankin ko cikin tanka. Da damina a yi hattara, tankin da ba komai a ciki ruwan ƙasa na iya ɗago shi ya fasa siminti ya tsinke bututu. Kada mai walda ya kusanci tankin sai an wanke an auna an tabbatar ba tururi, kuma ni ban yarda da facin tsohon tankin ƙarfe ba, inda tsatsa ta huda ɗaya akwai wasu na tafe. A sa sabo mai bango biyu ko na faiba. Idan na ƙarfe ne kuɗi ya kai, a shafe shi da kyau, a ɗaura masa ƙarfen maganiziyam mai ɗaukar masa tsatsa, a sa farantin ƙarfe a ƙasan bakin awo, a cike ramin da yashi mai tsabta ban da ɓaraguzai, a kuma kafa bututun leƙe biyu a kusurwoyin ramin don a riƙa sunsunawa duk wata.

Ƙasar da ta sha mai a kwashe ta a kai fili nesa da gidaje da rijiyoyi, a shimfiɗa kan tamfol mai kauri ko siminti, kaurinta kada ya wuce santimita 30, a cakuɗa da takin shanu, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa duk sati, a rufe idan hadari ya taso. Ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ne ke cinye man, zafin ƙasarmu na taimaka musu. Ta fetur kan yi sauri, ta gas sai an yi watanni. Kada a sayar wa masu cikon fili ko masu bulo.

Man da ke kwance a rijiya a riƙa yaɗe shi daga sama da abin da ba ya tartsatsi, a tara a duro mai murfi, kada a bari yara su ɗiba su zuba a babur. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kawo injin a ce za a zuƙe rijiyar tas a zubar a kwata. Ka janyo sauran man zuwa gidanka ke nan, ka kuma aika wanda ka zuƙo gidan na gaba.

11. Ruwan da za a sha kafin nan

Wanda tankinsa ya zuba shi ya kamata ya kawo ruwa da tanka ko ya jawo daga wuri mai tsabta. Idan sabon bohol za a haƙa, a yi shi ta saman gangare nesa da wurin, a zuba siminti a kewayen bututunsa tun daga sama har ya wuce ruwan farko da ya gurɓata, in ba haka ba ramin da kansa zai zama hanyar da man zai bi ya sauka ruwan ƙasa. Bututun roba na ruwan sha kada ya ratsa ƙasar da ta sha fetur, man na ratsa robar. Matatar gawayin masana'anta, wanda ake sa wa injin fiya wata, tana kama benzin idan kaɗan ne, amma tana cika ta daina aiki ba tare da alama ba, sai ana canjawa ana gwaji. Gawayin girki ba ya maye gurbinsa.

Rijiyar da ta gurɓata a sa mata murfi da kwaɗo da ɗan bututun shan iska, kada a cike ta, da ita za a riƙa bibiyar ko man na raguwa. A auna kaurin man duk sati a rubuta, a kai ruwa gwaji duk wata uku. Ba a komawa shanta sai sakamako ya fito ƙasa da maikirogiram 10 sau da yawa a jere, kuma a cikinsu dole akwai na tsakiyar damina da na ƙarshen rani.